Sa Hannun Anti Bita

A duk ofishin ƙungiyar ungozomomi babu wanda ya lura cewa idan darasin intanet ya ƙare, Anti Bita ba ta rufe shi nan take. Takan yi godiya, ta yi sallama, ta cire abin sauraro daga kunne ta ajiye a kan tebur, sannan ta harɗe hannu tana kallon allon kwamfuta. Sunayen mahalarta sai su riƙa zubewa: ɗari uku su koma ɗari biyu, ɗari biyu su koma ɗari da 'yan kai. Daga nan zubar ta tsaya. Sunaye tamanin ko casa'in su maƙale, kowanne cikin baƙin akwatinsa, ba hoto ba murya. Takan ba su minti goma sha biyar. Tun zamanin da take shirya bita a zaure ta saba, mai masauki ba ya tashi ya bar baƙi a zaune. Sai dai ta san abin da take jira. Wayoyi ne da masu su suka kunna, suka jefa a aljihu ko suka ɗora a kan durowa, suka shiga sha'aninsu, ba su ma san an tashi ba.

Shekara goma sha tara ta yi a ɗakin haihuwa kafin bayanta ya ƙi. Wata rana ta sunkuya ta ɗaga wata mai naƙuda daga ƙasa zuwa gado, ta ji wani abu ya ce ƙas a ƙugunta, daga ranar tsayuwar awa takwas ta gagare ta. Ƙungiya ta ɗauke ta jami'ar horo, ta ba ta ɗaki ɗaya a bene, saman wani kantin magani, da tebur, da fanka mai kaɗa kai kamar tsohuwa mai musu. A nan sunan ya kama ta. Duk ungozomar da ta ga lambarta a waya ta san zancen bita ne, har ma waɗanda suka girme ta Anti Bita suke ce mata.

Kowace ungozoma sai ta tara maki kafin a sabunta mata lasisin aiki, makin kuwa daga takardun shaidar bita yake fitowa, kuma kowace takarda sa hannun Anti Bita ne a ƙasanta. Darussa da yawa take shiryawa, na hawan jini, na zubar jini bayan haihuwa, na rubuta bayanan majinyata, amma wanda take ji da shi ɗaya ne: yadda ake taimakon jaririn da ya fito bai numfasa ba. Tana da 'yar tsana ta roba mai nauyin jariri, wadda ƙirjinta ke ɗagawa idan an hura mata iska daidai. Tsoffin ɗalibanta suka raɗa mata suna Ɗan Shiru, don ba ta taɓa yi wa kowa kuka ba. Akwai robar hura iska, da ɗan murfi mai laushi da ake kifawa a kan hanci da baki. Murfin yana da tsini a gefe ɗaya, tsinin shi ne na wajen hanci. Idan aka juya shi, iskar ta gefen kumatu take sulalewa.

A zamanin zaure, mutum talatin take ɗauka, ba ta ƙara ko ɗaya. Sai ta bi su ɗaiɗai, ta ɗora hannunta a kan na kowacce, ta gyara yatsu, ta ɗaga haɓar Ɗan Shiru kaɗan.

"Ba dambe kike da shi ba, 'yar nan. Sassauta. To, matsa. Kin ga ƙirji?"

Wadda ƙirjin bai ɗaga mata ba, ba ta shan shayin ƙarfe goma sha ɗaya sai ya ɗaga. Suna tsine mata a ɓoye, suna kawo mata tsaraba a fili. Ita kuwa abin da take cewa kullum shi ne ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai shekarar da aka hana taruwa saboda annoba ta zo, komai ya koma waya. Da aka buɗe gari, bita ba ta dawo zaure ba. Manyan sistocin asibitoci suka ce tunda ana samun maki a waya, babu dalilin sakin ma'aikaciya yini guda, alhali da ma hannu bai isa ba. Kwamitin ƙungiya kuma ya ga mutum ɗari uku a zama ɗaya maimakon talatin, ya ce ci gaba ya zo. Anti Bita ta koyi danna abin da ake dannawa, tana da shekara hamsin da biyu. Ta koyi riƙe Ɗan Shiru a gaban kyamara yadda hannunta ba zai tare ƙirjin ba. Abu ɗaya ta ƙi bari: takardun shaida sai an buga su a takarda ta sa hannu da biro, sannan Sakatare ya ɗauki hotonsu ya aika wa masu su.

Mijinta, wanda ya yi ritaya daga koyarwa, shi ne kaɗai ke tsokanarta a kan wannan aiki. Idan ta dawo ta zube a kujera tana murza ƙugu, sai ya sauke tabarau.

"An gama yi wa akwatuna lacca? Sun fahimta dai?"

"Sun fi ɗalibanka, Malam. Ko ɗaya bai yi surutu ba."

"Ni ai nawa ko barci suka yi ina ganinsu, in jefe su da alli. Ke da me za ki jefa?"

Sai ta yi dariya, ta ce ya miƙo mata man zafi.

Abin da ya dagula mata lissafi ya faru wata Talata da hantsi. Ɗiyar ƙanwarta ta fara naƙuda, aka kai ta wani ƙaramin asibiti a bakin gari, ƙanwar ta kira tana kuka: "Yaya, ki zo, ni ba zan iya ba." Ungozoma ɗaya ce a bakin aiki, mace mai kamar shekara talatin, idonta ja, ƙafarta cikin silifa mabambanta. Da ta ga Anti Bita ta gane ta, ta ce ta shigo mana.

Jaririn ya fito jiki sake, launinsa ya dushe, babu kuka. Ungozomar ta goge shi da tawul, ta murza bayansa, duk daidai. Bai motsa ba. Ta miƙa hannu bango ta ciro robar hura iska, tana nan cikin ledarta tun ranar da aka kawo, ta yage ledar da haƙori. Ta kifa murfin, tsinin yana kallon haɓa, ta fara matsawa da sauri. Anti Bita ta ji sautin da ta fi tsana a duniya, fiss, fiss, iska tana fita ta gefen kumatu. Ta sa hannu ta juya murfin, ta ɗaga haɓar da yatsa ɗaya, ta ce, "Matsa. A hankali." Ƙirjin ya ɗaga. A matsawa ta bakwai yaron ya yi wani ɗan tari, ya murtuke fuska, ya tsala ihu.

Bayan an gyara uwa an naɗe ɗa, ungozomar ta biyo ta har baranda, tana share gumi da gefen ɗankwali.

"Anti, Allah ne ya kawo ki. Ai ni ɗalibarki ce fa. Wannan darasin ma na yi shi, bara. Bari ki gani."

Ta lalubo wayarta ta nuna mata hoton takardar, tana murmushi. An rubuta cewa mai wannan suna ta kammala horo, ta kuma nuna ƙwarewa wajen farfaɗo da jariri. A ƙasa ga sa hannun nan mai lanƙwasa a wutsiya, wanda Anti Bita ta ƙirƙira tun tana makaranta. Ta daɗe tana kallonsa. Ta yaba wa matar da cewa ta yi ƙoƙari, ta kuma nuna mata tsinin murfin sau biyu kafin ta tafi. A mota ƙanwarta tana ta kiran dangi tana shelar an sauka lafiya.

Mako biyu bayan haka darasin ya sake zagayowa, shi ne na ƙarshe kafin a rufe sabunta lasisi a ƙarshen wata. Mutum ɗari uku da arba'in da ɗaya suka shiga. Ta fara kamar kullum. Da aka yi minti arba'in sai ta ajiye Ɗan Shiru, ta matso da fuskarta kusa da kyamara.

"'Yan'uwa, tambaya ɗaya. Duk wadda ke jina ta rubuta a wurin saƙo: tsinin murfin nan, hanci yake kallo ko haɓa? Ko kin yi kuskure ba laifi, ki dai rubuta. Wadda ba ta rubuta ba, ba zan sa mata hannu ba. Na ba ku minti biyar."

Amsoshi suka fara shigowa. Hanci. Hanci. Hanci, Anti. Haɓa. Hanci. Sai suka tsaya. Ta maimaita tambayar sau uku, tana kallon agogon bango. A cikin shirun wata waya da aka manta ba a kashe bakinta ba ta kawo ƙarar keken ɗinki, da muryar wata tana cewa a rage tsawon hannun rigar. Wata ta kawo kukan yara da ƙarar ƙarfen gadon asibiti. Da minti biyar ya cika ta ƙara biyu. Amsa ashirin da uku.

Washegari ta sa hannu a takarda ashirin da uku, ta ɗaure sauran ɗari uku da goma sha takwas da igiyar roba, ta saka a durowa ta kulle. Sakatare, mutum mai taka-tsantsan wanda ba ya son abin da zai kai shi gaban kwamiti, ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

"Anti, wannan fa zai tayar da ƙura."

"Ta tashi."

Kafin azahar wayarta ta yi zafi kamar an ɗora ta a murhu. Wata ta ce wayarta ce ta ƙi rubutu. Wata ta ce ta shiga banɗaki ne daidai lokacin. Wata ta ce shekararta ashirin tana karɓar haihuwa, ba za a mayar da ita 'yar aji ɗaya ba, ta kashe wayar ba sallama. Anti Bita ta amsa wa kowacce abu ɗaya, muryarta a kwance. Kira guda ne ta kasa amsawa yadda ta shirya. Muryar tana yankewa, daga nesa take, wani asibitin ƙauye mai gado huɗu.

"Anti, ni ba zan yi miki ƙarya ba. Ina jinki. Wayar tana aljihun rigata, muryarki tana fita kamar rediyo. Na ji tambayar ma, na san amsar, hanci ne. Amma hannuna biyu suna cikin safa, ga kan yaro ya taho. Ni kaɗai ce a asibitin, abokiyar aikina ta bar aiki wata uku ke nan ba a kawo wata ba. Da wane hannun zan rubuta?"

"To me ya sa kika shiga darasi kina bakin aiki?"

Matar ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Anti, yaushe ne ba na bakin aiki?"

Sai matar ta ci gaba.

"In lasisina ya mutu ranar talatin ga wata, za su ce in zauna a gida sai na gyara. Ni ba komai, hutu ne ma. Amma matan nan, asibiti na gaba awa biyu ne a babur."

Anti Bita ta ce mata za ta duba. Da ta ajiye wayar ta daɗe tana kallon fanka. Ta yarda da matar. Ta kuma tuna waccan mai silifa mabambanta, wadda ita ma da an tambaye ta za ta rantse tana ji. Daga wannan kujerar babu yadda za a yi ta bambance wadda ta sani da wadda ba ta sani ba, duk baƙin akwati ɗaya ne.

Shugabar ƙungiya ta hau benen da kanta ranar Alhamis, tana haki tana dafa bango. Tare suka yi makarantar ungozoma, gado ɗaya mai hawa biyu, Shugaba a ƙasa don tana tsoron faɗowa. A gaban mutane Anti Bita tana ce mata ranki ya daɗe. Da ƙofa ta rufe sai su koma 'yan shekara goma sha tara.

"'Yar gadon sama, kashe ni kike so ki yi? Wayata tun jiya ba ta huta ba. Har mijina an kira."

"Da ma kina neman dalilin rage ƙiba. Ga bene, ga tashin hankali."

"Bar wasa." Shugaba ta zauna, kujerar ta yi ƙara. "Na ji abin da ya faru da jikanku. Na gode wa Allah. Amma ki duba, mutum ɗari uku da goma sha takwas. Kwana takwas ya rage. Kin san asibiti nawa ne zai wayi gari babu ungozoma?"

"Kin san nawa ne yanzu yake da ungozoma mai takarda, murfi a juye?"

"Ban sani ba. Ke ma ba ki sani ba. Mai juya murfi dai ta iya tsayar da jini, ta iya ciro mabiyiya, ta iya gane hawan jini. Ki cire ta, wa zai tsaya a wurin? Ɗan Shiru?"

"Sunana ne a ƙasan takardar, ƙawa. An rubuta ta nuna ƙwarewa. Wa ta nuna wa? Ni ban gani ba."

"To a canza rubutun mana," in ji Shugaba, sai kuma ta girgiza kai da kanta. "A'a. Hukumar lasisi ba ta karɓar takardar da ta ce halarta kawai. Mun gwada shekaran bara, suka dawo da su."

"Sai mu rubuta gaskiya: wayarta ta halarta, ta kuma nuna ƙwarewa wajen zama a aljihu."

Shugaba ta yi dariya har da tari, sannan ta share ido ta ce, "Me kike so? Faɗi abin da zai yiwu."

Abin da ta roƙa ƙarami ne. A ba ta Asabar da Lahadi. Duk wadda aka riƙe takardarta ta zo ofis, minti goma kacal, ta ɗora hannu a kan Ɗan Shiru, ƙirji ya ɗaga, ta karɓi takardarta nan take. Shugaba ta ce ta ba ta, amma ranar Litinin da tsakar rana komai ya fita, ko ta halin ƙaƙa.

Sakatare ya aika saƙon ga kowa. Ranar Juma'a da yamma Anti Bita ta aro kujerun roba arba'in daga mai kantin maganin ƙasa, ta jera su a baranda har kan matakala. Ta wanke murfin da ruwan sabulu, ta shanya a kan tawul. Malam ya rako ta ranar Asabar da sassafe, yana ɗauke da fulas biyu na shayi, yana cewa yau dai zai ga fuskokin akwatunan nan.

Ƙarfe tara mutum biyu suka zo. Tsoffin ɗalibanta ne na zamanin zaure, suna cikin ashirin da ukun da suka amsa, takardunsu tuni suna wayarsu. Sun ji ana bita da hannu ne suka ce bari su zo su gaishe ta, su ga Ɗan Shiru.

"Kai, ya tsufa! Anti, dubi wuyansa ya fara tsagewa."

"Ku ne kuka tsufar da shi. Ke musamman, har yau ina tuna yadda kika shaƙe shi."

Aka yi dariya, aka sha shayi. Kafin la'asar irinsu shida suka ƙaru. Daga cikin waɗanda aka kira don su, mutum ɗaya ce ta zo ranar Asabar, biyu ranar Lahadi. Sauran wasu sun aiko saƙo: suna bakin aiki, babbar sista ta hana, hanya ta yi nisa, babu mai riƙe yara. Mafi yawa ba su ce komai ba, don labari ya riga ya zaga cewa ranar Litinin takardu za su fito ko an je ko ba a je ba.

Ta ƙarshen da ta zo ranar Lahadi doguwa ce, marar magana, ta taho kai tsaye daga aiki da farar rigarta a ƙarƙashin mayafi. Ta kifa murfin daidai, amma ƙirjin ya ƙi ɗagawa. Sau huɗu. Gumi ya tsatso mata a goshi.

"Anti, robar ce ta lalace."

"Robar lafiyarta ƙalau. Kin danne masa kai ƙasa kamar mai neman gafara. Kawo hannun."

Ta ɗora hannunta a kan na matar, ta ɗaga haɓar kaɗan. Ƙirjin roba ya taso, ya koma, ya taso. Matar ta ci gaba da matsawa ita kaɗai, ba ta tsaya ba har sau ashirin, idonta a kan ƙirjin. Da ta ɗago sai ta ce, a hankali, "Ashe haɓar ce." Sannan ta ƙara, "Watan jiya na samu jariri ɗaya irin wannan." Ba ta ƙarasa ba, Anti Bita kuma ba ta tambaya ba. Ta sa mata hannu, ta zuba mata shayi, matar ta riƙe kofin har ya huce ba ta sha ba.

Da yamma Malam ya taya ta tattara kujeru. Talatin da wani abu ko zama ba a yi a kansu ba. Wannan karon bai yi tsokana ba. Ya dai ce, yana ɗora kujera kan kujera, "Uku ma mutane ne."

"Saura ɗari uku da goma sha biyar, Malam."

"Na iya lissafi."

Ranar Litinin ta iso ofis ƙarfe takwas. Sakatare ya shigo da sallama, ya tsaya nesa da tebur, ya ce akwai abin da ya kamata ta sani don kada ta ji a bakin wani. Hoton sa hannunta yana cikin kwamfuta tun wata tsohuwar wasiƙa. Kwamiti ya ce idan sha biyu ta yi ba ta sa ba, ya manna shi a kan takardun ya aika. Kuma daga wata mai zuwa haka za a riƙa yi wa kowace bita, don sauƙi: wanda ya shiga, takarda ta je masa da kanta.

"Ni dai umarni aka ba ni, Anti. Wallahi ba da son raina ba."

"Na sani. Je ka."

Ta zauna. Ta yi tunanin ajiye aikin, ta ga babu abin da zai canza sai dai a kawo wata wadda ba ta taɓa riƙe jariri shuɗi a hannu ba, ta karanta darasin daga takarda. Ta yi tunanin ƙin sa hannu, ta bar su su manna, aƙalla ta ce ba ita ba ce. Amma ungozomar da za ta nuna wa wani takardar a baranda ba za ta san bambancin ba, uwar da ke kwance a gado ma haka. Sunan dai nata ne. Idan ƙarya za ta fita da sunanta, gara ta san adadinta, ta bi ta da hannunta.

Ta buɗe durowa, ta cire igiyar roba, ta ɗauki biro. Takan karanta kowane suna kafin ta sa hannu. Wasu ta san su, ta san asibitinsu, ta san wadda ta yi fama da ciwon ido da wadda ta haifi 'yan biyu. Mafi yawa ba ta taɓa ganin fuskarsu ba. Ta iso kan sunan matar asibitin ƙauye, ta sa mata da sauri. Wajen ta ɗari biron ya ƙare, ta ɗauko wani. Ƙugunta ya fara ja, ta tashi ta ci gaba a tsaye, ta sunkuya a kan tebur. Lanƙwasar wutsiyar nan ta riƙa gajarcewa, wajen ta ɗari biyu da hamsin ta zama ɗan layi kawai.

Shugaba ta kira sha biyu saura kwata.

"'Yar gadon sama?"

"Saura goma sha ɗaya."

Shugaba ta ce, "Za mu kai maganar taron shekara. A dawo da ko bita ɗaya ta hannu. Zan tsaya miki."

"Kin faɗa bara."

"Na faɗa."

"To. Ki gaida gida."

Ta gama, ta daidaita takardun a kan tebur, ta kai wa Sakatare da kanta. Ya karɓa da hannu biyu bai ɗago ido ba. Ya ce an sa darasin hawan jini ranar Alhamis ta sama, mutum ɗari huɗu sun riga sun yi rajista, ba a taɓa samun haka ba. Ta ce madalla, ya tura mata jerin.

Ta sauko benen tana dafa bango, mataki ɗaya ɗaya. A na ƙarshe igiyar takalminta ta dama ta tsinke. Ta ja ƙafar har bakin titi inda mai gyaran takalmi yake zama ƙarƙashin lema, ta cire ta miƙa masa. Ya ce ta zauna a benci, ta ce in ta zauna tashi zai yi wuya. Ta dafa sandar lemar ta tsaya da ƙafa ɗaya, tana kallon yadda yake soka allura yana jan zare, har ya gama.